Tambaya da Amsa: Farfaɗo da Tsohuwar Kurangar Inabi

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun fi yawa a kan inabin da ya kwana biyu a gona ya fara ja da baya. Don mu fahimci juna tun farko: kututture shi ne gangar jikin kuranga daga ƙasa zuwa inda ta rabu. Hannu shi ne tsohon reshen da aka kwantar a kan waya. Reshen bara shi ne wanda ya fito a kakar da ta wuce, ya riƙa ya koma ruwan ƙasa. Toho kuwa ɗanyen tsiron bana ne da ke fitowa daga ido, wato ɗan ƙullin nan da ke kan kowace gaɓar reshe.

Tambaya: Assalamu alaikum. Inabina ya haura shekara 25, amfanin da nake samu ya ragu da kusan rabi, wasu kurangun ma hannu ɗaya kawai ke yin ganye. Tsufa ne? In tumɓuke in dasa sabo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi saurin ɗaukar gatari. Shekara 25 ba tsufa ba ne ga kurangar inabi. A fadar Hampton Court da ke Ingila akwai wadda aka dasa a 1768, kuma har yau ana tsinkar 'ya'yanta duk shekara. A birnin Maribor na Silobeniya akwai wadda ta haura shekara 400. A kwarin Barossa na Ostareliya ma, sai kuranga ta cika shekara 35 ake fara sa ta a layin tsofaffi. Gaskiya ne amfani kan ɗan sauka in kuranga ta manyanta, amma faɗuwa da rabi ba aikin shekaru kaɗai ba ne.

Abin da ke gajiya a kuranga shi ne samanta. Duk shekara ana yi mata aski, kowane yanka yana barin rauni, kowane rauni kuma yana bushewa zuwa ciki kamar tsinin ƙusa. In aka shekara 25 ana yanka ta ko'ina ba tsari, busassun wuraren nan sai su haɗu su shaƙe hanyar da ruwan jiki ke bi. Ta waɗannan raunukan ne kuma cutar fangas ke shiga. Saiwa kuwa sau da yawa tana nan lafiya lau, kuma saiwar da ta shekara 25 tana ratsa ƙasa jari ce da sabon dashe ba zai tara irinta ba sai bayan shekaru. Saboda haka tambayar da za ka fara amsa wa kanka ita ce: ciwon a sama yake ko a ƙasa?

Ka bi layukan gonar lokacin da toho ya kai tsawon tafin hannu, da gwangwanin fenti a hannunka. Duk kurangar da tohonta ya tsumbure, ganyenta ƙanana, rawaya-rawaya, sun kumbure kamar cokali, ka sa mata alama. A wannan lokacin ake ganinsu sarai, in ganye ya rufe sai lafiyayyun rassa su ɓoye su. Sannan ka sa zarto a matattun hannuwa biyar ko shida ka dubi fuskar yankan. Lafiyayyen itace fari ne tas, da ɗan danshi. In ka ga wani yanki ya yi duhu da siffar harafin V, faɗinsa a ɓawo, tsininsa na kallon tsakiya, cutar kututture ce irin Yutaifa ko 'yar'uwarta Botiriyosferiya. In tsakiyar ta yi laushi, fari-fari, tana marmashewa a yatsa kamar soso, Eska ce, wadda ganyenta kan yi zane-zane kamar fatar damisa.

Na ƙarshe, ka haƙa rami mai zurfin santimita 60, nisan santimita 40 daga kututture, a gindin mai ƙarfi ɗaya da raunanniya ɗaya, ka kwatanta. Ƙananan saiwoyi masu yawa, masu haske in an kankare su, alama ce mai daɗi. Ƙulle-ƙulle a jikinsu aikin tsutsar saiwa ne da ake kira nematod. Baƙi da wari, ruwa ne ke kwanciya. In kuma saiwoyin duk sun juya gefe a zurfi ɗaya, akwai dandaɓaɓɓiyar ƙasa da ta tare su. In saiwa na da lafiya, gonarka ta gyara ce, ba ta tumɓukewa ba.

Tambaya: Na yanka na ga baƙin V ɗin nan a hannuwa da yawa. Wane magani zan fesa?

Amsa: Babu feshin da ke kashe wannan cuta in ta riga ta shiga itace. An daɗe ana amfani da wani sinadarin asenik a kan Eska, amma Faransa ta haramta shi a 2001 saboda haɗarin sankara ga masu fesawa. Maganin da ya rage shi ne zarto: a yanke abin da ya kamu, a raino sabon kututture daga ƙasa.

Ka fara yanka daga inda ciwon ya bayyana, kana sauka gaɓa-gaɓa, kana duban fuskar yankan kowane karo, har ka isa inda babu ko ɗigon baƙi. Daga nan ka ƙara sauka da santimita 10 zuwa 20. Dalili shi ne fangas ɗin yana gaba da tabon da ido ke gani, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin asarar wahalarsu: su tsaya daidai bakin tabo, bayan shekara uku ciwon ya dawo a sabon hannu. In ciwon a hannu ya tsaya, ka cire hannun ka kwantar da reshen bara mai ƙarfi a madadinsa. In ya gangaro kututture, ka sare shi ƙasa, amma ka bar santimita 20 zuwa 30 a saman gaɓar aure, wato inda aka haɗa inabinka da gindin wani iri, in inabinka mai aure ne.

Yankan ya zama a karkace don ruwa ya zurare, kuma ya zurare ta gefen da ba tohon da za ka raina. Ka yi aikin a busasshiyar rana, ba gab da ruwan sama ba, domin ruwa ne ke tayar da ƙwayoyin cutar daga matattun itatuwa, iska ta kai su sabon rauni. Babban rauni yakan ɗauki makonni huɗu zuwa shida, wani lokaci fiye, kafin ya daina karɓar cuta. Don haka ka shafe shi a ranar da ka yanka, da man shafa rauni mai ɗauke da maganin fangas irin tebukonazol, ko mai ɗauke da Tirikodama, wani fangas mai amfani da ke riga mugun kama wuri. Itacen da ka sare kada ya kwana a gona a jibge. Ka fitar da shi ka ƙone, domin mataccen itace yana shekaru yana watsa cuta duk sa'ad da ruwa ya taɓa shi.

In da hali, hanya mafi sauƙin asara ita ce ta mataki biyu. Bana ka bar tsohon kututture yana ba da abin da zai iya, ka zaɓi toho biyu da suka fito can ƙasa a jikinsa ka raine su a gefensa. Baɗi, bayan sun riƙa sun kai waya, sai ka sare tsohon a saman inda suka fito. Ta haka ba za ka yi shekarar da babu komai ba. Biyu muka ce, don iska ko dabba na iya karya ɗaya.

Rainon tohon nan shi ne rabin aikin. Ka kafa masa sanda miƙaƙƙiya, ka riƙa ɗaure shi duk santimita 20 zuwa 30 da igiya mai laushi, ɗauri sako-sako da yatsa zai shiga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: in ka bari ya kwanta ya riƙa a karkace, da karkataccen kututture za ka zauna shekara 20. Ƙananan rassan da ke fitowa a hammatar ganye ka tsinke su tun suna ƙanana har zuwa kusa da waya, amma ka bar ganyen. Ka sa masa kariya ta roba ko kwali a ƙasa, musamman in kana fesa maganin kashe ciyawa, domin ɗanyen toho yana shan maganin ya kai shi saiwa.

Akwai wani abu da ba a cika zato ba. Saiwar da ta saba ciyar da ido 40 yanzu toho ɗaya ko biyu take ciyarwa, sai ta tura musu ƙarfin da ya fi ƙarfinsu. Tohon ya yi kaurin babban yatsa, ya ɗan baje maimakon ya mulmule, gaɓoɓinsa su yi nisa da juna, ɓargonsa ya yi faɗi. Kallo ɗaya za ka ce ya yi kyau, alhali ba ya riƙa sosai, yana saurin ɓallewa daga gindi, idanunsa kuma ba su cika ɗaukar 'ya'ya ba. Maganinsa ka bar ƙarin toho uku ko huɗu su raba ƙarfin, ka cire su a askin gaba. Kada ka sa takin naitirojin a wannan shekarar, ka kuma rage ban ruwa. A shekara ta biyu ka bar nonna kaɗan, a ta uku ko ta huɗu kuranga ke komawa cikakken amfani.

Mai fama da Eska yana da wata hanyar: a buɗe kututture da ƙaramin zarton inji a ƙwaƙule ruɓaɓɓen wurin har a isa itace mai tauri, a bar shi a buɗe ya bushe. Aiki ne na mai haƙuri da gwanin hannu, ya fi dacewa da kurangu 'yan kaɗan masu daraja.

Tambaya: Na sare kututture, toho ya fito da ƙarfi, amma ganyensa bai yi kama da na inabina ba.

Amsa: Daga ƙarƙashin gaɓar aure ya fito, wato na gindin da aka aura wa inabinka ne. Tun bayan da ƙwaron filoksera ya shigo Faransa daga Amurka a shekarun 1860 ya cinye saiwar gonaki, akasarin inabin duniya a kan gindin jinsin Amurka ake aura shi, irin su 110 Richter, 1103 Paulsen, Ramsey da Dogridge. Waɗannan saiwarsu ake so, ba sa ba da 'ya'yan kirki. Ka nemi gaɓar auren, kumburi ne kaɗan sama da ƙasa. Duk abin da ya fito ƙasa da ita ba naka ba ne.

Ba asara ba ce duk da haka, sabon aure za ka yi. Ko dai ka bar tohon ya riƙa ya kai kaurin fensir ka dasa masa ido ɗaya na irin da kake so, ko ka yi auren tsaga a kututturen kansa. Na tsaga ga yadda yake: ka yanke kututture a miƙe, ka tsaga shi ta tsakiya zurfin santimita 5. Ka ɗauko reshen bara mai ido biyu wanda bai farka ba, ka fere ƙasansa ta gefe biyu tsawon santimita 3 zuwa 4. Ka cusa ɗaya a kowane bakin tsagar. Sirrin aikin shi ne koriyar fatar nan da ke ƙarƙashin ɓawo: ta reshe ta haɗu da ta kututture. Ɓawon tsohon kututture ya fi kauri, don haka in ka daidaita bayan ɓawo da bayan ɓawo ka kuskure, sai reshen ya ɗan nutsa ciki kaɗan. Ka ɗaure tam, ka toshe duk wata kafa da kakin aure. Sannan ka yi ƙananan yanka biyu ko uku a jikin kututture ƙasa da auren, don ruwan jiki ya tsiyaye ta nan. In ba ka yi ba, ruwan zai taru a tsagar ya nutsar da auren ya ruɓe.

Tambaya: Na gaji wata kuranga a kan rumfa, an yi shekara bakwai ba a taɓa ta ba. Ta cukurkuɗe, ganye ba iyaka, 'ya'ya ƙanana masu tsami can a ƙarshen rassa. Ta ina zan fara?

Amsa: Hajiya, ki fara da riƙe ƙa'ida ɗaya: inabi yana yin 'ya'ya ne a kan tohon da ya fito daga reshen bara. Kurangar da ba a yi wa aski, reshen baranta kullum yana ƙara nisa da kututture, idanunta sun kai ɗaruruwa, kowanne ya ɗauki nono, abinci bai ishi ko ɗaya ba. Inuwa kuma tana hana idanun ciki ɗaukar 'ya'yan baɗi.

Ki jira ta zubar da ganye ko ta shiga hutu. Ki fara da matattu, ki cire su duka, sai ki ga ainihin ƙirarta. Ki zaɓi kututture ɗaya ko biyu mafi miƙewa da lafiya, da hannuwa biyu zuwa huɗu da za su rufe rumfar ba tare da sun hau juna ba. A jikin kowane hannu ki nemi rassan bara masu kaurin fensir, wato milimita 8 zuwa 12, mulmulallu, waɗanda suka sha rana, ki datse kowanne ya rage ido biyu, ki bar tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakaninsu. Sauran duk su tafi. Za ki ga tulin da ya zuba ƙasa ya fi wanda ya rage nesa ba kusa ba, kada gabanki ya faɗi. Ko a kurangar da ake kula da ita, kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na girman bara ake cirewa.

Amma manyan yanka kada su taru a shekara ɗaya. In akwai kaurara da yawa da za su fita, ki raba su shekara biyu ko uku. Duk yankan da za ki yi a tsohon itace, ki bar ɗan guntun da tsawonsa ya kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na kaurin reshen, don bushewar ta ƙare a cikinsa, kada ta shiga hannu. Ki kuma yi ƙoƙari raunukan su jeru a saman hannu, ƙasansa ya zauna ba tabo, ruwan jiki ya samu miƙaƙƙiyar hanya. Wannan tsari na aski an rubuta shi a Faransa tun 1921, kuma a 'yan shekarun nan manoma suka koma masa saboda yawaitar cutar kututture.

Ki lura da irin inabin. Thompson Seedless, wanda ake yin zabibi da shi, idanunsa na kusa da gindin reshe ba su cika ɗaukar 'ya'ya ba. In kika datse shi ido biyu-biyu, ganye zalla za ki samu. Shi dogayen rassa ake bar masa, huɗu zuwa shida, kowanne da ido 12 zuwa 15, da guntu mai ido biyu a gindin kowanne don ya ba da reshen baɗi.

Tambaya: Ido nawa ya kamata in bar wa kurangar da ta raunana?

Amsa: Ita za ta gaya maka, in ka auna abin da ka aske. Ka tara rassan baran da ka yanke daga kuranga ɗaya ka ɗora a sikeli. Tsohuwar ƙa'idar da aka gwada a Amurka a kan irin Concord ita ce ido 30 don giram 450 na farko, da ido 10 don kowane giram 450 da ya biyo baya. Iri masu manyan nonna daga ido 20 ko ƙasa ake fara musu. Akwai kuma awon da ake jingina wa masanin Faransa Louis Ravaz: ka raba nauyin 'ya'yan da kuranga ta bayar da nauyin askinta. Tsakanin 5 da 10 daidai ne. Misali, ta ba ka kilo 9, askinta giram 600, amsa 15 ke nan, ka ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Ka rage ido, ka kuma cire rabin nonnanta bayan sun ƙulla. Kuskuren da aka fi yi shi ne in amfani ya ragu a ƙara ido don a cike giɓi. Hakan yana ƙarasa cinye sitacin da ta ajiye a saiwa da kututture, shekara mai zuwa ta fi raunana.

Tambaya: Na zuba yuriya sosai don in tayar da tsofaffin kurangu. Ganye ya yi shar, 'ya'ya kuwa suka ragu, ga ruɓewa.

Amsa: Garin neman ƙiba aka samo rama. Inabi ba mai cin naitirojin da yawa ba ne. Tan ɗaya na 'ya'yansa yana fita da kimanin kilo ɗaya da rabi na naitirojin da kilo biyu da rabi na fotasiyam. A yawancin gonaki kilo 30 zuwa 50 na naitirojin a hekta ya isa a shekara. Tunda yuriya kashi 46 cikin ɗari ce naitirojin, kilo 40 yana nufin kimanin kilo 87 na yuriya, kuma a raba shi biyu: kashi ɗaya bayan 'ya'ya sun ƙulla, ɗaya bayan tsinka muddin ganye na nan kore. In ya yi yawa fure yakan zube, ganye ya yi duhu, iska ta kasa ratsawa, ruɓa ta samu wurin zama.

Kafin ka sake sayen taki ka kai samfurin ƙasa ɗakin gwaji, da kuma 'yan karan da ke riƙe da ganye guda 60 zuwa 100, waɗanda ka tsinko lokacin fure daga ganyen da ke fuskantar nonon farko. Ma'aunin pH, wato awon tsamin ƙasa, tsakanin 6 da 7 ya fi dacewa. In ya sauka ƙasa da 5.5 sai an sa farar ƙasa ta gona, in ba haka ba takin ma ba zai ciwu ba. Ganye ma yana magana: gefensa ya ƙone, ƙarancin fotasiyam ne. Tsofaffin ganyen ƙasa su yi rawaya tsakanin jijiyoyi, ƙarancin magniziyam. Sababbin ganyen sama su yi fari-fari jijiyarsu kore, ƙarancin sinadarin ƙarfe, kuma a ƙasa mai alli aka fi ganinsa. Nono ya fito da manya da 'yan mitsi-mitsi a cakuɗe, a binciki zinki da boron. Boron dai kada a sa shi da ka, tsakanin isarsa da gubarsa taku ɗaya ne.

Tsohuwar gona sau da yawa ba yunwa ke damunta ba, ƙasa ce ta dandaƙe saboda shekarun taka ta da tarakta. Ka sa garma mai haƙori ɗaya ta tsaga ƙasa zurfin santimita 40 zuwa 60 a tsakiyar layi, nisan da bai gaza santimita 60 daga kututture ba, lokacin da ƙasa ta bushe har tana darewa. Layi ɗaya ka yi ka tsallake ɗaya, ragowar sai wata shekara, don kada ka yanke saiwa ta gefe biyu lokaci guda. Saiwar da aka yanke takan fitar da sababbi masu shan ruwa. Ka bi da ruɓaɓɓen taki tan 10 zuwa 20 a hekta, ka lulluɓe ƙarƙashin layi da busasshiyar ciyawa kaurin santimita 5 zuwa 10, amma kada ta taɓa kututture.

Tambaya: Wasu sun mutu sun bar giɓi a layi. Duk sabon dashen da na sa a wurin ba ya girma.

Amsa: Manyan da ke gefensa ne ke ƙwace masa ruwa da rana. Hanya mafi sauƙi ita ce binne reshe. Ka bar wa kurangar da ke maƙwabtaka da giɓin dogon reshe ɗaya. Lokacin hutu ka haƙa kwari mai zurfin santimita 25 zuwa 30 zuwa inda matacciyar take, bayan ka tono tsohuwar saiwarta. Ka lanƙwaso reshen a hankali ka kwantar a ciki, ka ɗago bakinsa da ido biyu ko uku a sama ka ɗaure a sanda, ka mai da ƙasa ka take. Idanun da ke tsakanin uwa da inda reshen ya nutse ka kankare su, in ba haka ba su za su shanye abincin. Uwa za ta shayar da shi har ya yi saiwa. Kada ka bar masa nono a shekarar farko, kuma kada ka raba shi da uwa kafin shekara biyu ko uku. Inda akwai filoksera ko nematod kada ka raba su sam, domin saiwar da ya yi tasa ce, ba ta da kariyar gindin aure. Kuma uwa ta zama lafiyayya, duk cutar da ke jininta tana bin reshen.

Tambaya: A inda nake babu sanyin da ke sa inabi barci. Yaya zan yi wannan gyara?

Amsa: A ƙasashe masu zafi kuranga ba ta hutawa da kanta, shi ya sa ta fi saurin gajiya, musamman in ana tsinkar ta sau biyu a shekara. A jihar Maharashtra ta Indiya aski biyu ake yi amma tsinka ɗaya: a watan Afrilu a datse rassa har ido ɗaya don a gina sababbi, a watan Oktoba a yi askin 'ya'ya. Wanda kurangarsa ta raunana ya bi wannan, ko ma ya yafe amfanin kaka ɗaya gaba ɗaya. Bayan tsinka ka ci gaba da ban ruwa daidai gwargwado da kare ganye daga cuta na aƙalla wata ɗaya, domin a wannan tsakanin ne take mai da sitacin da ta kashe. Saran kututture ka yi shi a tsakiyar rani, da sauran lokaci kafin ruwa ya sauka. In kana amfani da haidurojin sayanamaid don ido ya farka bai ɗaya, ka sani guba ne mai ƙona fata: safar hannu, tabarau da takunkumi wajibi ne, kuma a idon reshe ake shafa shi, ba a kan ɗanyen toho ba.

Tambaya: Ganyen wasu kurangun yana yin ja tun kafin lokaci, yana naɗewa ƙasa, jijiyarsa kore, 'ya'yan ba sa nuna. Saran kututture zai gyara su?

Amsa: A'a, Malam, wannan kam ba zai gyaru da zarto ba. Alamun cutar bairas ne mai naɗe ganye, kuma tana cikin kuranga daga ganye har saiwa, duk tohon da ya fito da ita zai fito. A farin inabi ba a ganin jan, sai naɗewa da ɗan rawaya. Da yake ƙarancin fotasiyam ko magniziyam, ko igiyar da ta shaƙe kututture, na iya kawo kamannin haka, ka kai ganye gwaji kafin ka yanke hukunci. In ta tabbata, ka tumɓuke su da saiwarsu, ka kuma yaƙi farin ƙwaron nan mai kama da auduga da ke ɓuya a ƙarƙashin ɓawo, shi ke kai cutar daga wannan kuranga zuwa waccan. Ka sa wa na kusa da su ido shekara biyu zuwa uku, kuma kada ka ɗebi reshen aure ko na dashe daga wannan layin.

Haka hukuncin yake ga cutar da ke sa ganye ya baje kamar mafici, gaɓoɓi su gajarce, nono ya yi gwarama. Ita nematod ne ke yaɗa ta, kuma yana rayuwa shekaru a guntayen saiwar da suka rage a ƙasa. Wurin da ta kama, a tono saiwa iya iyawa, a bar shi ba inabi na shekara biyar ko fiye, sannan a dawo da dashen da aka tabbatar ba shi da cuta, a kan gindi mai jure nematod, gaɓar aurensa santimita 10 zuwa 15 sama da ƙasa don kada saman ya yi saiwar kansa.